Tuta Mai Launin Zoɓo

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zagaye da tiren shinkafa a ɗakinmu na unguwar Al-Suwaidi, ɗaya daga cikinku ya tambaye ni sana'ata. Na ce ɗinkin tuta. Sai ya kwashe da dariya ya ce, "Baba Iliya, ai kai ka huta. Ba wuya, ba hannu, ba aljihu, kusurwa huɗu kawai ka sallami mai kaya." Sauran kuka taya shi. Ban tanka ba a lokacin don da loma a bakina, amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku gyara zama, ku da har yanzu ba ku iya dawowa gida daga masallaci ba sai waya ta nuna muku hanya.

Ni ma da irin wannan bakin na zo Riyad. A Fagge na koyi ɗinki, na yi shekaru ina yi wa 'yan kasuwa manyan riguna, kafin Sallah har roƙona ake yi in karɓi aiki. Da wani ejan ya ce ana neman tela a Saudiyya, a zatona zuwa zan yi in koya wa Larabawa riƙon allura. Kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, shi ne Abu Fahad. Yana da warsha, ɗakin aiki ke nan, inda ake ɗinka wa otal-otal da ofisoshin jakadanci da kamfanonin shirya taro tutoci. Ba irin na bakin titi ba, waɗanda inji ke bugawa a zube. Namu na cikin zaure ne, na satin mai nauyi, da geza ruwan zinari, irin waɗanda ake tsayarwa a bayan sarki ko shugaba idan za a ɗauki hoto.

Shugaban aiki, wanda ake ce wa mu'allim, wani tsoho ne ɗan Yaman, Ammu Salih. Ranar da na fara zuwa ya kama hannuwana ya jujjuya su, sannan ya miƙo mini dutsen guga. Na haɗa guntun Larabcina na Islamiyya na ce masa ni tela ne. Ya ce, "Na ji. Yi guga." Haka na shafe watanni ina guga, ni da yara ke yi wa guga a Fagge. Sai daga baya na gane cewa a ƙarƙashin dutse ake sanin halin yadi. Satin ba ya son wuta kai tsaye, sai an rufa masa farin ƙyalle. Ja yana zuba a kan fari idan tururi ya yi yawa. Baƙi kuwa idan ka danna shi sai ya yi wani ƙyalli, kuma ƙyallin nan ba ya fita, sai dai a jefar da yadin.

Tutar farko da ya bari na sa wa allura ta ƙasar nan ce, kuma ita ta fi kowace cin rai. Kuna ganinta kore, da kalmar shahada, da takobi a ƙasa. Abin da ba ku gani shi ne tuta biyu ce aka haɗa baya da baya, don a karanta kalmar daidai ta kowane ɓangare, ga kuma shafi a tsakiya don kada rubutun baya ya leƙo ta gaba idan fitila ta haska. Kuma ba ta taɓa ƙasa. Tana kan keke, sai wani ya tsaya ta baya ya tallafe abin da ke zubowa. Guntayen da aka yanke masu harafi a jiki ba a zuba su cikin shara, jakarsu daban. Na ga ranar da gefen wata tutar ya shafi daɓe a hannun wani ma'aikaci, Ammu Salih bai yi faɗa ba, ya dai daina yi masa magana har mutumin ya gwammace a mare shi.

Sannan a zo kan 'yan'uwanta. Ƙasashen Larabawa kamar sun haɗa baki ne su wahalar da tela: ja, fari, baƙi, kore, kusan kowa da waɗannan huɗun yake wasa. Masar da Iraƙi da Yaman layinsu ɗaya, abin da ke tsakiya ne ya raba su. Ta Jodan da ta Falasɗinu, idan ka manta da tauraro ka ba wani tutar wani. Bahrain da Ƙatar kuwa duka fari ne ta wajen sanda, da tsini-tsini da muke kira haƙora, sai dai Bahrain haƙora biyar ne a kan ja zir, Ƙatar tara a kan wani launi kamar zoɓo mai kauri, wanda suke ce wa unnabi. Idan ka ɓata wa Alhaji riga a Fagge, shagonka zai dawo ya zage ka ya tafi. Idan ka ɓata tuta, ba wurinka za a zo ba, jakada ne zai kira wani, wanin ya kira wani, kafin ta iso kanka ta zama tikitin komawa gida.

Amma asalin sana'ar ba a nan take ba. Kowace ƙasa da sifar tutarta. Ta Ƙatar doguwa ce siririya, ta Saudiyya ta fi ta gajarta da faɗi. To ranar da za su zauna a zaure ɗaya su ce wa duniya su 'yan'uwa ne, dole tutocin su zo kai ɗaya. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, sanda ɗaya, kada ta wani ta ɗara ta wani da faɗin yatsa, don akwai masu zuwa da tef a aljihu su auna. Sai ka matse doguwa ba tare da mai ita ya ga an rage masa ba, ka buɗa gajera ba tare da ta yi kama da zanin gado ba. Ammu Salih yakan ce su da baki suke haɗa kai, mu ne ke haɗa musu da alli da almakashi. Wuri mafi wuya shi ne haƙoran nan tara. Idan ka matse tutar sai su cunkushe, tsininsu ya tattare. Na zauna na yanka wa kaina kwali na awo, na yi ta gwaji a kan ragowar yadi har na samo kan abin. Da tafiya ta yi tafiya, duk aikin haƙora ni Ammu Salih ke turo wa, kuma ba yabon kai ba, ban ga wanda ya kama ƙafata a kansu ba.

Yanzu bari in zo kan Usman, don ba yadda zan ba ku labarin nan in tsallake shi, ko da na so.

A bayana ya zo warsha, kuma na girme shi. Ɗan Sudan ne amma Bahaushe. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, idan yana magana sai in tuna kakata. Da farko murna na yi, na samu wanda za mu yi hira da yarenmu. Kwano ɗaya muke ci, yana ce mini Yaya Iliya. Ɗinkinsa ba laifi, amma ba laifin ne kawai. Layinsa yakan ɗan karkace idan hira ta yi daɗi, kuma hira kullum tana yi masa daɗi.

Sai dai da zarar mai kaya ya shigo, sai a ga bambanci. Usman da Larabci aka yi masa raɗa. Ɗan Masar zai shigo ya tsokane shi da irin maganarsu, ɗan Kuwait ya shigo ya tambaye shi labarin wane da wane, a yi ta ƙyaƙyata dariya, ni ina gefe da almakashi a hannu ina yaƙe ban san abin da ake wa dariya ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, idan muka jera tutocin taron Larabawa duka don dubawa, akwai tasa a ciki. Sai ya je gaban ta Sudan ya tsaya yana gyara mata geza. Ni na ɗinka ta kowa, babu tawa a layin. Fatarmu ɗaya, harshenmu ɗaya, wataƙila ma kakanninmu maƙwabta ne, amma shi ɗan gida ni baƙo, don kawai kakansa ya gaji a hanya.

Kafin kowane babban taro, mu'allim yakan shiga zauren da mataimaki ɗaya su tsayar da tutoci, su yi musu tururi, su gyara faɗuwarsu yadda alamar kowace za ta fuskanci kyamara. Usman kullum Ammu Salih ke ɗauka, wai masu tsaron ƙofa suna da tambayoyi, ana son mai baki. Ni sai dai in tsaya a kantin unguwa in ga aikina a talabijin, a bayan kawunan manya. Usman ya dawo yana ba ni labarin girman fitilu da laushin kafet, da zuciya ɗaya, shi ko a jikinsa. Na yi kishi, kuma har yau ban ga abin jin kunya a ciki ba. Abin da na sa a gaba shi ne kujerar mu'allim. Ba don shiga zaure kawai ba. Abu Fahad ya sha faɗa cewa wanda ya gaji Ammu Salih zai canza masa sunan sana'a a iƙama, yadda zai iya kawo iyalinsa. Matata Hajara da yara suna Kano, sai na yi hutu nake ganinsu, kowane zuwa in tarar takalman da na kai sun yi musu kaɗan.

A shekarar 2011 ƙasashen Larabawa suka rikice, mu kuwa kakarmu ta yanke saƙa. Libiya ta canza tuta. Tsohuwar tata kore ce zalla, ba rubutu ba alama, ita kaɗai ce ta dace da irin maganar da kuka yi ranar Juma'a, ita ɗin ma ta tafi. Kowane ofishi yana neman sabuwa, keke bai huta ba. Kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da Sham, wato Siriya, daga zama cikin 'yan'uwanta. Muna da tutocinta gamammu a rataye. Ammu Salih ya sauke su, ya ninke ɗaya bayan ɗaya, ya jera cikin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin yanka, ya watsa kafur. Na ce masa ai asara ce, a warware su, jan da baƙin za su yi mana ta Yaman.

Ya ce, "Ya Ilyas, yadi naka ne, yanka shi yadda ka ga dama. Amma da zarar ka sa mata geza ta zama ta mutane. Tutar da aka gama ba a sa mata almakashi."

Na ce, "To har yaushe za ta zauna a nan?"

Ya ce, "Har masu ita su dawo."

Shekara ta bi shekara, ba wanda ya zo ya tambaye su. Ni dai na riƙe wannan a raina, na ce tsufa ne.

Sai muguwar shekara, 2017. Cikin azumi muka wayi gari da labarin cewa Saudiyya da Imarat da Bahrain da Masar sun yanke hulɗa da Ƙatar. An rufe iyaka, an hana jirage. Ku fahimci abin da wannan yake nufi a wurinmu. Abincinmu na kullum shi ne ƙasashe shida na yankin nan, Saudiyya, Kuwait, Bahrain, Ƙatar, Imarat da Oman, waɗanda suka daɗe da ƙulla ƙawance, ɗan wannan ya shiga ƙasar wancan da katin shaida kawai. Kowane otal, kowane banki yana son jerin shidan nan a ƙofa da kuma ƙanana a kan tebur. Kafin ka ce kwabo an sauke ta Ƙatar ko'ina, sauran biyar ɗin ma masu saye suka ja baya, kowa yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa. Ga shi kuma Abu Fahad bai daɗe da shigo da bandir-bandir na yadin unnabi ba, wanda aka rina masa musamman a waje.

Ya shigo warsha fuskarsa ba annuri, ya nuna su da carbi ya ce, "Khalas, ya shabab, magana ta ƙare. Kada in sake ganin launin nan a warshata."

A shekarar ce kuma aka sa wa baƙi haraji a kan kowane mutum na iyalinsu. Ammu Salih mai gida cike ne, ya ce ba zai iya ba, zai koma garinsu a Hadramaut. Abu Fahad ya kira ni da Usman ofis ya ce, "Ɗayanku zai hau kujerar nan. Ba zan yi gaggawa ba. Zan ga wanda ya fitar da ni daga shekarar nan."

Na ce a raina, to Usman, yau ba ranar baki ba ce, ranar hannu ce.

Na ɗauki bandir-bandir ɗin unnabi na yanka su matasan majalisa, irin waɗanda Larabawa ke jingina da su a falo, na sa musu igiya ruwan zinari a gefe. Launin da kowa ke tsoro a kan sanda, a ƙarƙashin gwiwar hannu ba wanda ya damu da shi. Wani mai kantin kayan ɗaki ya kwashe su duka ya ce a ƙaro. Sannan muna da tarin gindin katako na tutocin tebur masu rami shida, waɗanda suka zama kaya. Na samo ƙananan ƙwallayen tagulla na toshe rami ɗaya a kowanne, na sa gam mai ƙarfi, suka koma na biyar da ado. Su ma suka tafi. Abu Fahad ya fara murmushi.

Saura gamammun tutocin Ƙatar, manya na zaure da ƙanana na tebur da na mota, duk ɗinkin hannuna. Na ce a warware su, farin satin da geza ba su yi laifin komai ba. Ammu Salih yana haɗa kayansa a lokacin, ya ɗago ya kalle ni kawai. Usman ne ya tare.

Ya ce da Hausa, "Yaya Iliya, ka bari. Za su dawo."

Na ce, "Kana jin abin da ake faɗa a talabijin kuwa? Mutanen da suka kai ga tonon asirin iyaye da kakanni? An raba mata da miji, an kora raƙuma ta iyaka, kai kana cewa za su dawo. Na Sham da ke cikin akwatin nan, sun dawo?"

Ya ce, "Wancan daban. Waɗannan gida ɗaya ne, kawun wannan surukin wancan. Kai zagin kake ji. Ni kujerar nake kallo, kuma ban ji wanda ya ce a fitar da kujerarsu daga ɗaki ba."

Na ce, "Kai da su wa? Kai ma fa Bahaushe ne kamar ni."

Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, Yaya. Amma a cikinsu na tashi."

Maganar nan ta ƙona ni fiye da zagi. Muka kai ƙara wurin Abu Fahad. Ya rufe idonsa da tafin hannu ya ce, "Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. Abin da na ce shi ne kada in gani." Usman ya ninke su yadda tsohon ke yi, ya sa a ƙasan akwati, ya ɗora na Sham a kai, ya tura akwatin lungu. Ban hana shi ba, dariya ma na yi. Mutum yana ajiye abin da zai iya jawo masa tambaya, ni ina kawo ciniki, ai hukunci ya riga ya yanke kansa.

Haka muka yi fiye da shekara ba mu'allim. Ni ke yanka, ni ke rarraba aiki. Na shigo da ɗinkin labule da rigar kujera, abin da ya riƙe warsha ke nan har ba a sallami kowa ba. Abu Fahad ya fara ce mini "ya mu'allim" da wasa, ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Na kira Hajara na ce ta yi wa kanta da yara fasfo. Har gida na fara dubawa a nan Suwaidi, mai ɗaki biyu, kusa da makaranta. An yi wasu tarurruka a wasu garuruwa, an ce an ga tutar Ƙatar a jere. Usman ya gaya mini, na ce wannan ta ido ce. Abu Fahad ma bai yi gigin sake odar unnabi ba, don ba wanda ke son a ga sunansa a kan wannan launi.

Da sanyin ƙarshen 2018, wata safiya, wayar Abu Fahad ta yi ƙara muna tsaye. Wani kamfanin shirya taro ne. Shugabannin ƙasashen shida za su zauna a nan Riyad, lokaci ya ƙure, ana son cikakken jeri na zaure da na tebur da na mota. Na ji Abu Fahad yana cewa, "Biyar, ko?" Ya saurara. Sannan ya ce, "Shida." Mutumin kamfanin ya ƙara da cewa idan babu shidan kada a kawo ko ɗaya, zai nemi wani wuri.

Direba ya zaga kasuwar Batha da duk inda ake sayar da yadi. Ya dawo da guntaye iri-iri, wannan ya yi ja, wancan ya yi ƙasa-ƙasa, ba ɗaya da ya hau. Unnabin tuta ba a tsintarsa a kanti, rina shi ake yi, rinin kuma ba zai iso ba sai an tashi daga taro. Abu Fahad ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ko bandir ɗaya ba ka rage ba?" Na ce, "Kai ka ce kada ka gani." Ya ce, "Na ce." Na ga yadda ya kawar da kai.

Usman ya miƙe. Ya je lungu ya jawo akwatin, ya ɗaga na Sham ya ajiye a kan tebur, ya fara fito da na Ƙatar. Warin kafur ya cika warsha. Ba asu, ba tabo, launin yana nan kamar jiya aka rina. Abu Fahad ya kama kan Usman ya sumbace shi a goshi. Ni kuwa aka bar ni da ragowar gindin katako, ina haƙar ƙwallayen tagulla da na liƙa da hannuna. Gam ɗin ya kama da kyau, don ni ba na aikin wasa.

Da yammar ranar Abu Fahad ya ɗauko babban almakashin Ammu Salih ya miƙa wa Usman a gaban kowa. Da ya ga fuskata sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya Ilyas, hannunka zinari ne, wallahi. Amma Usman ya san mutanen." Na ce, "Mabruk." Iyakar barkar da na yi masa ke nan. Har gobe ina cewa ban yi kuskure ba. An ce a kawar, na kawar. Na ciyar da warsha a shekarar da ba ta da abinci. Shi ninkewa kawai ya yi ya zauna, ninkewar ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Sai dai an haife shi a inda ake sanin irin wannan abu ba tare da an koya ba.

Sabon mu'allim yana da ikon zaɓen mataimaki, sai ya zaɓe ni. Bayan duk shekarun nan, ranar na fara taka zauren. Fitilun suna da girma, kafet ɗin yana da laushi, bai yi ƙarya ba. Muka tsayar da shidan, kai ɗaya, ba wadda ta ɗara wata. Ta Ƙatar ta daɗe a ninke, sai da na durƙusa ina bin kowane layi da tururi. Ina nan durƙushe wani jami'in tsare-tsare ya zo da mutanensa. Ya tsaya a kanta ya fi ko'ina daɗewa. Ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya juya bayanta ya duba, sannan ya ce wa Usman, "Allah ya ba ka lafiya, ya mu'allim. Wannan hannun gwani ne."

Usman ya ce, "Ba hannuna ba ne, Allah ya ja kwananka. Na yayana ne, ga shi nan."

Mutumin ya sunkuyo ya kalle ni ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Najeriya."

Ya ce, "Masha Allah." Ya juya wurin Usman suka ci gaba da maganar tazarar sanduna.

A mota Usman ya ce, "Yaya Iliya, ka ji dai na gaya masa." Na ce na ji. Da ya yi shiru ya haɗiye yabon nan, da na samu abin da zan riƙe shi da shi har in mutu. Ko wannan bai bar mini ba.

Abu Fahad ya cika alkawari. Shekarar da ta biyo baya aka canza wa Usman iƙama, takardun iyalinsa suka fito. Ranar da za su sauka ya ce in raka shi filin jirgin Sarki Khalid, wai ba shi da wani ɗan'uwa a garin nan da ya wuce ni. Na rasa bakin ƙi. Muka tsaya a wurin masu tarba, matarsa ta fito da yara suna jan jakunkuna, suka ruga suka ƙanƙame shi, ni na tura keken kaya. Ya kamo hannun ƙaramar, sa'ar autata ce, ya ce, "Gai da Baffanki." Ta durƙusa ta gaishe ni da irin Hausar ubanta.

Motar ta cika da kaya, sai aka ɗora mini ita a cinya. Ba mu fita daga titin filin jirgi ba barci ya kwashe ta, kanta a kan hannuna na dama. Cunkoso ya riƙe mu, Usman yana gaba yana nuna wa matarsa dogayen gine-gine. Hannun ya yi tsami, ya mutu har kafaɗa. Ban motsa shi ba har Suwaidi.